Ƙara ba ta jin sanyi, Baba?

Yau shekara tara ke nan da muka rufe mahaifina, Malam Garba, malamin kimiyya a wata sakandare a nan Illela. Duk shekara tsofaffin ɗalibansa kan cika waya da hotonsa, kowa na kiransa "Babanmu". Ni kuwa da ya haifa, in na gani sai kishi ya turnuƙe ni. Babanku a ina?

A gida Baba inuwar giginya ne, na nesa ka sha. Ya dawo, ya yi sallah, ya ci tuwo, ya buɗe rediyo. Amma ran Asabar sai ya kwashi ɗalibai zuwa tafkin Kalmalo, riƙe da ma'aunin zafi ɗaure da igiya. A can yake zura shi, ya nuna musu ruwan sama da rana ta gasa ya fi na ƙasa ɗumi. Sannan ya ce ƙara ta fi gudu a ruwa fiye da iska, kuma a ruwan ma ta fi sauri a mai ɗumi, a mai sanyi takan ɗan yi nawa. Duk wannan a bakin ɗalibansa na ji. Ni ko sau ɗaya bai kai ni ba. Na ɗauka ya ga albasa ba ta yi halin ruwa ba, tun da awon hatsi na bi, irin na dangin uwata.

Da yana raye yau, da ya sha mamaki. Wani ɗalibinsa, Injiniya Sanusi, yana aiki da na'urar da ke aika ƙara ƙasan dam, ta dawo, a gane zurfi. Ya ce in ba a yi lissafin ɗumin ruwan ba, awon sai ya kauce. Na san Baba zai kwana yana shafa na'urar nan, kuma na san ba ni zai kira in gani ba.

Sanusin ne ya zo watan jiya, wai ƙungiyarsu ta tsofaffin ɗalibai na son ma'aunin zafin nan na Baba a ajiye a makaranta. Shi kaɗai ne kayan aikin Baba da ya rage a hannuna. Na ce ba zan bayar ba.

"Haba Yaya Rabi," in ji shi, "ai darasin ma naki na. Tambayar Rabi muka ce mai."

"Mi kac ce?"

Ashe ina ƙarama, ana yi mini wanka a baho da sanyin safiya, na nutsa kunne, Inna ta bugi bahon da kofi. Na ɗago na ce, "Baba, ƙara ba ta jin sanyi cikin ruwa?" Abin da ya ce mini kawai, in yi sauri kar in makara. Amma kowace shekara da tambayar nan yake buɗe darasin, yana cewa ɗiyarsa ta riga su tunani.

Na yi kuka, kuma ban huce ba. Aji bayan aji sun ji yabona da ɗuminsa, ni sai yanzu. Na ba Sanusi igiyar, na riƙe ma'aunin.

Allah ya jiƙan ka, Baba. Maganarka ta iso. Ruwan gidanmu ne ke da sanyi.