Kati Maras Uba

Lokacin da auren ɗiyata ta fari ya taso, ƙawayenta suka ce in bar musu zancen gayyata, yanzu a salula ake yi. Suka haɗa kati mai furanni, har da kiɗa. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi aiki. Kafin in sauke tukunya, dangina na Jiratawa sun kira suna yi mini barka, na Kano ma haka. Ba yawon gida-gida, ba jiran mai buga kati in wuta ta ɗauke.

Sai shiru daga Tsibiri.

Can Alhaji, yayan mijina, yake. Tunda Allah ya yi wa mijina rasuwa, shi ne waliyyin yarinyar, in bai zauna ya bada ta ba, babu ɗaurin aure. Na kira, bai ɗauka ba. Na sake kira, matarsa ta ɗauka ta ce yana gona. Gona, bayan an gama yankan hatsi? Da na matsa mata, ta rage murya ta ce maƙwabci ya nuna masa katin a ƙofar masallaci, ya sa aka karanta masa, tun daga nan bai ce uffan ba.

Na buɗe katin na dube shi da kyau. Sunan ango, sunan amarya, rana da wuri. Shi ke nan. A nan Maraɗi kuwa katin takarda da iyalai yake farawa, iyalan wane, iyalan wane, babba kafin ƙarami, kuma kowa sai ya nemi layinsa kafin ya dubi ranar. Na yi wa ƙawayen nata tas, amma mi faɗa zai gyara? Katin ya riga ya shiga kowace waya, ba ya kiruwa.

Na sa aka buga na takarda, sunan Alhaji a sama da manyan baƙaƙe. Na ƙulla goro da minti, na hau kabu-kabu daga unguwarmu ta Zariya zuwa Tsibiri. Duk hanya ina tsara ban-haƙuri ina rushewa. Tsoro nake ji sosai, kada dangin ango su taru a ce waliyyi bai zo ba.

Na same shi a zaure. Na durƙusa na gaida shi, na ajiye goron. Bai taɓa ba.

"Karanta," ya ce.

Na karanta sunansa, har da Alhajin da Tsibirin, na ɗago ina jiran fuskarsa ta saki.

"Ci gaba."

Na karanta layi na biyu, iyalan marigayi, na kira sunan mijina. Alhaji ya miƙo hannu ya karɓi katin, ya ce in nuna masa wurin. Na aza yatsansa a kai. Ya daɗe bai ɗauke ba.

"Wancan na waya, na saurara har ƙarshe," ya ce. "Ban ji ƙanena ba. Kamar yarinyar ba ta da uba."

Na ce, "A yi haƙuri, Yaya."

"Ranar zan zo da wuri. Amma ki koma su sake bugawa, nashi za a sa a sama. Ɗiyarshi ce."