Makin Jirgi Ya Cika, Ummi Ta Fasa Tafiya

Assalamu alaikum edita. Ka ara mini fili in sauke abin da ya tokare mini ƙirji, ko wani zai tsira.

A lokacin ina da shagon tsaraba a unguwar Aziziyya, nan Makka: darduma, carbi, turare, dabino, duk abin da alhaji ke cusawa a jaka ranar komawa gida. Ni mutum ne mai son banza, ba zan ɓoye ba, in aka ce kyauta har kunnuwana motsi suke. A Makka aka haife ni, amma mahaifiyata, Ummi, tana yarinya iyayenta suka taho da ita ta Sudan, aka bar ƙanwarta a Sakkwato wurin kakarsu don ta yi ƙanƙanta da tafiyar. Tun daga nan ba su ƙara haɗa ido ba, sai murya a waya. Da tsufa ya kama su, Ummi ba ta da zance sai na zuwa ganin ƙanwar tata, wadda muke kira Inna.

Ana haka wani ma'aikacin banki ya tallata mini katin 'yan kasuwa. Banki ya biya maka kaya, ka mayar masa ƙarshen wata, abin da ka kashe kuma a rubuta maka maki, makin ya taru ya zama tikitin jirgi. Na koma gida ina washe baki, na ce wa Ummi kyauta zan kai ta Sakkwato. Alhali kuɗin tikitinmu suna hannuna a ranar.

Farkon wautata, na rabu da dattijon dilanmu na unguwar Kudai, wanda tun zamanin mahaifina yake ba mu kaya kafin Hajji, mu biya bayan alhazai sun watse. Laifinsa kawai ba ya karɓar kati. Na koma manyan kamfanoni, ina jidar kaya ko a watannin da Aziziyya take wayam, don dai maki ya hau. Shago ya cika, na kwaso katan-katan zuwa gidanmu na Ka'akiyya, har Ummi tana sallah a ɗan lungu tsakanin kwalayen darduma. Ƙarshen wata dole in biya tas, don ina tsoron kuɗin ruwa ya hau kaina a garin Ɗakin Allah. Jarina kaf ya koma kwali. In daina, an ce maki yana ƙonewa in kati ya kwanta. In ci gaba, numfashi ya gagare ni. Na rame, na zama mai faɗa, ba abin da nake dubawa a waya sai maki.

Bayan Hajji maki ya cika, sai aka ce kujerun masu maki kaɗan ne, jirage kuma sun cika da alhazai, in jira. Ciniki ya shigo hannuna, amma na ga ai hauka ne mai tikitin kyauta ya sayi tikiti. Na jira, Umrar azumi ta zo, labarin bai canza ba. Daga baya ma aka ƙara yawan makin da ake nema, na koma jidar kaya. 'Yan'uwana mata suka ce za su yi karo-karo su saya mata, na hau su da masifa, wai za su ɓata mini shiri. Ummi sau ɗaya ta yi magana. Ta ce ita ba ta san maki ba, ta dai san muryar ƙanwarta kullum ƙara yin ƙasa take a waya. Na ce ta ƙara haƙuri, saura kaɗan.

Inna ta rasu muna cikin wannan saura kaɗan ɗin. Bayan an yi sadakar arba'in kujeru suka samu. Na durƙusa gaban Ummi ina kuka, na roƙe ta mu je ko kabari ta gani. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga da na ji sauƙi. Ta ce ita wurin ƙanwarta ta roƙe ni in kai ta, ba Sakkwato ba, in ba da kujerar ga wanda har yanzu ake jiransa.

Na mayar da katin, dattijon Kudai ya karɓe ni ba tare da gori ba, amma har gobe ina kasa kallon idon Ummi. Abin da na gane, banki yana iya jiranka shekara goma, tsoho ba zai iya ba. 'Yan'uwana 'yan kasuwa, ban ce kada ku riƙe kati ba. Amma in tsohuwarku ta ce tana son ganin wani, kuɗin kuma suna hannu, ku sayi tikitin a ranar.