Sunan da Ake Aunawa da Tiya

Mu huɗu ne a tsakar gida ran nan: ni, da matar ɗana na biyu, da ƙanen mai gidana wanda idonsa ya fara dushewa, da jikana ɗan ɗiyata, mai koyar da lissafi a Dogon Dutsi, wanda ya zo duba mu kafin ruwa ya sauka.

Na sa aka fito da tulun iri. Da matar ɗana ta fasa yumɓun bakinsa, sai gari ya tashi. Ƙwari sun gama da waken tas. Bara ciwon ƙafa ya kwantar da ni, na bar mata ajiyar, ta yi rowar tokar da ke hana ƙwari. Kallonta na yi har ta tashi ta shige ɗaki.

Waken nan mai gidana ne ya ware shi da hannunsa, ƙwaya ƙwaya, damina bayan damina, har ya samu ja mai nuna da wuri. Maƙwabta suka roƙa, ya ba su. Tun yana raye aka fara kiran waken da sunansa. Yanzu a kasuwar Kore Mairuwa sai in ji ana cewa wane ya yi tsada, wane ya yi ƙwari bana, auna mini tiyar wane. Ni kuwa tun da aka kai ni ɗakinsa har aka fita da gawarsa, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Haka aka rene mu.

Jikana ya ce, “Tsohuwa, mi ne na ɓata rai? Mijinki ya cika kasuwa. Gobe a sayo wani.”

Na ce, “Rufe mini baki, kai mijin da ko goro ba ka kawowa.”

Bai rufe ba. Ya ce lokacin da yake karatu a Sakkwato, da Turancin Ingilishi ake koya musu, kuma akwai wani Bature da ya daɗe da mutuwa wanda ya gano wata hanyar lissafi. Sai aka ɗauki sunan gidansu aka laƙa wa abin. Har wutsiya suke ƙara wa sunan, su kira abubuwa iri-iri da shi, yadda za ka ce tukunya ja ko tukunya baƙa. Ya ce a wurinsu babu girman da ya wuce wannan.

Na ce, “Yana da mata?”

“Ban sani ba.”

“Wa ya haife shi? Mi ya kashe shi?”

Ya yi dariya. “Wanga bai cikin jarrabawa, tsohuwa.”

“To masu faɗin sunan kullum, sun san mutum ne?”

Nan ya daina dariya. Ya ce a cikin abokan karatunsa akwai waɗanda har suka gama ba su sani ba.

Ƙanen mai gidana ya gyara sandarsa. Ya ce kwanan baya a ƙofar masallaci wani magidanci ya tambaye shi ko don wansa yana son wake aka sa masa sunan wake.

Jikana ya ce shi zai je ya sayo. Na hana. Yanzu kowane jan wake da sunan nan ake sayar da shi, kuma ’ya’yan maƙwabta sun gauraya nasu tuntuni. An dai ce akwai wani ɗan garin Kiyeshe mai shago a kasuwar da ke da tsantsarsa. In ban je na gani da idona ba, bana gonar mai gidana za ta kwana da baƙon wake.

Da safe na hau amalanke zuwa Kore Mairuwa. Mai shagon saurayi ne, buhunansa na can ciki a ɗaure. Na ce ina son waken marigayi. Ya ce wane marigayi? Na ce ja, mai nuna da wuri. Ya ce yana da irin haka kala-kala. “Faɗi sunansa, Inna, mutane na jira.”

Na duba bayana, babu ɗan garinmu. Na faɗi sunan.

Ko kai bai ɗaga ba. Ya kwance buhu, ya cika tiya. Na ɗauki ƙwaya na juya ta a tafin hannuna. Shi ne. Na ce Allah ya jiƙansa.

Ya ce, “Wa ya rasu, Inna?”

Na ƙulle waken a bakin zane na fito.