Kashe-Kunna da Hoton Ƙirjin Surukinsa

A asibitin nan, in ka nemi mutumin da sunansa na gaskiya, ko mai gadi ba zai gane wa kake nufi ba. Amma ka ce Kashe-Kunna, nan take za a nuna maka ƙofar da ke ƙarshen baranda, bayan ɗakin wanki, wadda sanyi ke tsiyayowa ta ƙarƙashinta.

Da gyaran rediyo ya fara tun yana saurayi, ya koma talabijin, da kwamfuta ta shigo ya bi ta kamar kaza ta ga mai tsaba. Duk tsawon tafiyar nan magani ɗaya ya riƙe. Firinta ta ƙi aiki? "Sista, kashe ki kunna." Allon likita ya daskare? "Ranka ya daɗe, a kashe a kunna." Abin haushin kuma, maganin yana ci. Matarsa ta ce ranar da autansu ya yi zazzaɓi ta kama shi yana laluben bayan kunnen yaron, ta rantse maɓalli yake nema.

A ɗakinsa akwai saba biyu, wato manyan kwamfutocin da duk na asibitin ke roƙo a wajensu. Su ma 'yan aike ne. Ainihin ajiyar tana cikin wani dogon akwatin ƙarfe a gefe, faya-fayai jere a cikinsa kamar haƙora, wayoyi sun haɗa shi da sabobin. Shi yake kira rumbu. Duk hoton ƙashi da na ƙirji da aka taɓa ɗauka a asibitin yana ciki. A nan yake wuni da rigar sanyi ko ana zafin da kare ke laɓewa. Dangin matarsa kuwa, tun da suka ji shi kaɗai ke da makullin ɗakin, suka yanke cewa daga shi sai babban likita.

Shi ya sa da tari ya ƙi sakin surukinsa, nan aka kawo tsohon. Aka ɗauki hoto, likita ya ga wani ɗan tabo a huhu. Da ya ji cewa tsohon ya taɓa yin hoto a nan shekarun baya, sai ya ce da sauƙi. In tabon yana cikin tsohon hoton kuma bai ƙaru ba, tsohon miki ne, Baba ya tafi gida ya yi barcinsa. In babu shi, to sabon baƙo ne, kuma ba a son irin wannan baƙon. Ya danna don ya buɗo hoton. Allo ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, can ya rubuto cewa an kasa karanta faifai.

Likita ya juyo ya dubi Kashe-Kunna. Matarsa ma ta dube shi, irin kallon nan na "yau za a ga aiki".

Ya koma ɗakinsa da sassarfa. Saba ta farko tana ta zubo kuka a allo, layi bayan layi, duk magana ɗaya: na nema, ban iya karantawa ba. Ya zargi waya, ya canza ta. Shiru. Ya gwada ta saba ta biyu, ita ma bakinsu ɗaya da 'yar'uwarta. Ashe ba 'yan aiken ba ne, rumbun ne. Ya durƙusa ya duba, cikin korayen fitilun faya-fayan ga ɗaya ta koma ruwan lemo. Ya kafa sukudireba a jikin akwatin ya kara kunne, yadda ya saba tun zamanin rediyo. Wani abu a ciki yana ƙwas, ƙwas, kamar agogon da batirinsa ya gaji.

Wayarsa ta yi ƙara.

"Baban yara, Baba fa yana kan benci tun ɗazu. Hoto ɗaya tal!"

"Ana kai."

"Ana kai, ko kana kai? Yaya ta kira sau nawa, na ce mata ai a hannunka abin yake."

Ya kira injiniyan kamfanin da ya kafa rumbun, ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Ya tsaya yana kallon fitilar, fitilar tana kallonsa. Hannun da ya saba, ba ya neman izini. Ya kashe. Ya ja numfashi, ya kunna.

Fankoki suka taso da gurnani. Fitilu suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya. Mai ruwan lemo tana nan yadda take. Ta kusa da ita kuwa, wadda ɗazu take koriya shar, ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

A daidai nan injiniya ya kira.

"Oga, na ga kiranka. Kome za ka yi, kar dai ka kashe shi."

Kashe-Kunna ya dubi fitilar da ta ƙi dawowa.

"Oga? Ka kashe ko?"

Injiniyan ya yi bayani a hankali, da muryar mai gaisuwar rashi. Rumbu yana jure mutuwar faifai ɗaya, sauran su rufa masa asiri. Biyu kuwa, sai dai haƙuri. Faifan da ya yi shekara da shekaru yana juyawa kamar tsohon jaki yake: muddin yana tafiya, yana tafiya, amma ya kwanta, tashinsa sai ikon Allah. Ya tambayi kwafin ajiya. Akwai kwafi, Kashe-Kunna bai taɓa fashin yin sa ba. A cikin rumbun yake ajiye shi, don nan ne wuri mafi aminci a duk asibitin.

"To," in ji injiniya. "Za mu kai faifan wajen masu tono bayanai daga mataccen faifai. Wataƙila a samu, wataƙila a'a. Kafin nan kar ka taɓa komai."

Mutumin da tun tasowarsa bai taɓa ganin abu ya lalace ya bar shi ba, yau ga shi zaune a kujera, ya cusa hannuwansa a hammata, yana kallo.

Likita bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ya ce tunda babu na gwadawa, sai a jira wasu watanni a sake ɗauka, a ga ko tabon ya motsa.

Tsohon yana kan benci, sandarsa tsakanin gwiwoyi, 'yarsa, matar Kashe-Kunna, a gefe tana masa fifita da katin asibiti. Kashe-Kunna ya durƙusa a gabansa.

"Ɗana, an samo?"

"Baba, na'urar ce ta ƙi."

"To mene ne abin ɓata rai? Ga ƙirjin nan tare da ni na zo da shi. Su sake ɗauka mana."

"Ƙirjinka na da ake so, Baba."

"Na da?" Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, 'yarsa tana bubbuga masa baya. Da ya lafa ya goge ido da hannun riga. "In ka same shi, ka kawo mini. Ni ma ina da buƙatarsa."

Matar ta dubi fuskar mijinta, ta miƙe. Suka kama tsohon, ita ta dama, shi ta hagu, suka bi baranda a hankali, suna tsayawa duk inda tarin ya tsayar da su.