Ranar da Baba Mai Makulli Ya Ƙi Buɗe Ƙofa

Kafin ma'aikatan majalisar birni su fara isowa, shi ya riga ya jingine kekensa a bayan ginin, ya share bakin ƙofar ƙarfen nan mai kwaɗo biyu. Ciki ɗaki ne dogo, taga ɗaya can sama, sai warin mai da ƙarfe. Bindigogi ne jere a jikin katako. Yakan shimfiɗa buhu a kan tebur, ya sauko da wadda layi ya zo kanta, ya kwance ta gaɓa-gaɓa, ya goge, ya shafa mai, ya leƙa bakinta ta wajen hasken taga, ya mayar. Haka yake yi tun yana da baƙin gashi. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane, Baba Mai Makulli kowa ke cewa.

Lokacin da aka ba birnin nan cin gashin kansa, sojojin ƙasa suka kwashe nasu-ya-nasu suka koma barikinsu mai nisa, suka bar ɗakin nan saboda ranar da abu ya ɓaci. Masu gadin birni sanda suke riƙewa. Ƙa'idar kuwa ita ce shugaban majalisa ya ba da umarni, mai makulli ya buɗe.

Matarsa takan tsokane shi idan ya dawo. "Malam, yaya yaran naka? Sun sha mai sun ƙoshi? Mu dai namu na gida sun gaji da jiran takalmi." Shi kuma ya ce, "Ai waɗancan sun fi biyayya, inda na ajiye su nan nake tarar da su."

Ba maƙiyin bindiga ba ne, kada a yi masa mummunar fahimta. Shekarar da 'yan fashi suka tare babbar hanya, shugaban masu gadi ya shaida cewa kafin ya gama bayani ƙofa ta buɗe. Amma yana da wata tambaya da ba ya tsallakewa. Duk wanda zai miƙa wa bindiga sai ya dube shi ya ce, "Wa za ka je ka samu da ita?" Idan amsa ta fito sarai, ya miƙa.

Ranar da ake tuna shi da ita, rikici ne ya tashi a kan dam ɗin da birnin nan ke shan ruwansa tare da garin ƙetaren gada. Aka yi jifa, aka yi sara. Da hantsi aka shigo da gawar wani saurayi, kuma saurayin ɗan ƙanin Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ƙanin da yake kira Auta, makanikin babura. Jama'a suka cika harabar majalisa. Shugaban majalisa na lokacin ya leƙo ta taga, ya ga yawan kawuna, ya ce a buɗe.

Baba ya ja bencinsa ya ajiye a jikin ƙofar, ya zauna. Autan ne a gaba, rigarsa jage-jage da jinin ɗansa.

"Yaya, buɗe."

"Wa za ka je ka samu da ita?"

"Duk wanda na gani a ƙetaren gada!"

"Uwar yaron nan 'yar can ce, Auta. Kawunnansa suna can. Faɗa mini sunan wanda ya kashe shi, ni zan riga ka fita."

Autan ba shi da sunan da zai faɗa. Babu mai shi a duk taron. Aka zagi Baba, aka tofa masa yawu, wani ya fasa masa goshi da dutse. Masinjan majalisa ya ce ya ga jini yana bin gemun Baba, yana kuka, don shi ya yi wa yaron huɗuba ranar da aka haife shi. Bai tashi ba sai da la'asar, da motocin sojoji suka iso suka tsaya a kan gada.

Tun daga ranar Auta bai ƙara taka gidan yayansa ba. Idan suka haɗu a jana'iza, ya kau da kai. Baba kan aika masa da gaisuwa ta bakin mata, gaisuwar ta tafi ba ta dawo ba. Kekensa ma ya koyi gyara shi da kansa, don hanyar masu gyara ta gaban shagon Auta ta bi.

Abin da ke da wuyar warwarewa shi ne, ma'aikaci ne ya ƙi bin umarnin na gaba da shi. Idan an yaba masa, an yarda mutum ɗaya ya fi doka. Idan an zarge shi, sai a fara ƙirga gidajen da da an yi zaman makoki a cikinsu, nan da ƙetare. Kuma har yau ba a kama wanda ya kashe yaron ba. Wanda bai rasa ɗa ba ya yi a hankali kafin ya ba Auta laifi.

Yanzu ga majalisa ta rabu biyu a kan ko birnin nan ya kafa rundunarsa mai makamai. Wasu na cewa birnin da sai ya jira motoci daga nesa ba shi da cin gashin kai sai a baki. Wasu na cewa rundunar da za a ɗiba daga unguwanninmu, fushinmu za ta ɗauka ta fita da shi. Aka kira Baba, kowane ɓangare na zaton nasa ne. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ranar 'yan fashi na gode Allah da muna da su. Ranar dam na yi fatan da ba mu da su. Ni ban san wace rana ce ke tafe ba." Ba wanda ya ji daɗin amsar.

A makon jiya ya ajiye aiki. An yi ɗan taro a harabar, ya miƙa makullai, aka tafa, aka watse. Ya tsaya yana dube-dube, duk wanda ya san shi ya san wa yake nema. Har ya kama kekensa sai ga ƙarar babur. Auta ne, shi ma ya yi furfura. Bai kashe injin ba.

"Yaya, har yanzu ban ce ka yi daidai ba."

"Ni ma ban taɓa cewa na yi ba."

Autan ya ƙare wa keken kallo. "Wane mugun ne yake gyara maka wannan?"

"Ni ne."

"Ai na ga alama. Bar shi nan, hau mu tafi, gwiwoyin nan ba za su kai ka gida ba."

Baba, kai ne ka goge makami shekara da shekaru ba ka ƙaunaci ƙararsa ba. Kai ne ka zauna tsakanin jininka da ƙofa, ka biya da zumunci, ba ka taɓa zuwa neman a gode maka ba. To mun gode. Mutanen ƙetaren gada da ba su san sunanka ba, su ma da bakinmu suke gode maka. Allah ya ba ka lafiyar hutawa, ya sanyaya zuciyar Auta, ya jiƙan yaron.

'Yan majalisa kuwa, ku kafa runduna ko kada ku kafa, wannan naku ne. Amma kafin ku yi odar bindiga ko ɗaya, ku fara nemo wanda zai iya kallon ƙaninsa yana kuka ya bar kwaɗon a rufe. Idan ba ku samo shi ba, ku dakata tukuna.