Amin ɗin da ta tona min asiri a Alƙahira

Ko da ruɗun tsufa zai kwashe min sunayen jikokina, ba zan manta da abin da na aikata a Alƙahira ba, kuma da ana gyara jiya da shi zan fara gogewa. Da gemuna da furfurata na taɓa zama beben ƙarya a unguwar Hay el-Sabi'.

Girki ne ya kai ni, ina dafa wa wani babban ma'aikaci da aka tura aiki can. Ranar da na fara fita cefane na gwada ɗan Larabcin makarantar allo a kan mai kayan miya, ya yi dariya har da riƙe ciki. Washegari na kama bakina, na nuna tumatir da yatsa. Mutumin ya ɗauka jiya ma gurnani na yi. Ya ce "miskin," ya ƙara min albasa kyauta. To, albasar nan ce ta sayi harshena.

Jikata da ke jami'a a Giza ta faɗa min daga baya cewa Turawa suna da kalma ɗaya, "dumb", wadda da farko mai rashin magana kawai take nufi, sai a hankali aka lanƙaya mata ma'anar dolo. Na ce mata ba sai ta buɗe min littafi ba, a jikina aka yi wannan lanƙayawar. Mai kayan miya ihu yake min a kunne kamar yana kiran jaki daga ƙetaren kogi, ya ɗaura min leda a wuyan hannu don kada na yar. Da kunnena ya fara kama Larabcinsu, sai na ji abin da yake faɗa wa mutane a gabana: "Mutumin kirki ne, amma saman nan babu kowa."

Sallah nakan tafi nesa, wajen ɗaliban ƙasarmu da ke karatu a can, inda ba a san ni da bebantaka ba. Wata Juma'a girki ya makarar da ni, na faɗa masallacin unguwa, kafaɗata da ta mai kayan miya. Misirawa kuwa idan liman ya kai ƙarshen Fatiha, jan Amin suke kamar za su ɗaga rufi. Daɗin abin ya kwashe ni. Na saki tawa, irin ta ladanin ƙauye.

Ana sallamewa ya cafke ni yana kuka. "Allahu Akbar! Beben ya yi magana!" Aka yi ta sumbatar goshina. Mutumin da jiya babu kowa a samansa, yau ya zama "ya Shehu". Ni kuma, Allah ya yafe min, na sunkuyar da kai irin na waliyyai. Har mangwaro aka aiko min.

Bayan 'yan kwanaki aka ƙwanƙwasa ƙofa. Matar gidan da ke fuskantar namu ce, riƙe da 'yarta ƙarama, kurma kuma bebiya tun haihuwa.

"Ya Shehu, ka tofa mata. Na cire ta daga makarantar kurame, wasa da yatsu kawai suke koya mata. Kullum nan zan kawo ta har bakinta ya buɗe kamar naka."

Na tofa. Wannan tofin shi ne abin da ya fi ci min rai har yau. Ta dawo, na sake tofawa. Kowace rana uwar sai ta kama haɓar yarinyar ta girgiza: "Yalla, ce Amin! Ce mana!" Yarinyar tana hawaye, ni ina jan carbi.

Wata rana da uwar ta matsa mata, sai yarinyar ta fizge. Ta nuna barandarmu, ta nuna ni, ta kara hannu a kunne kamar waya, ta dinga wangale baki tana kaɗa kai yadda nake yi idan ina faɗa ƙasa-ƙasa a waya da uwargidana da na baro gida. Har sosa ƙeyata ta kwaikwaya. Ashe tun zuwana take kallona ta tagarsu. Duk layin nan ita kaɗai ta san ni.

Uwar ta buge mata hannu. "Ma'alish, yi haƙuri ya Shehu, ba ta fahimtar komai."

A nan waliyyin ya mutu. Na ce, "Hajiya, ta fi ni da ke fahimta. Ban taɓa zama bebe ba. Albasa nake so."

Ba zan rubuta abin da ta ce ba, amma na koyi Larabcin da babu shi a allo. Mai kayan miya ya daina min kyauta, kuma ruɓaɓɓen tumatir ya riƙa zaɓo min har na bar ƙasar. Yarinyar ta koma makarantarta. Duk safiya idan za ta wuce sai ta ɗaga kai, ta kara min wayar nan a kunne.

Na koyi cewa wanda ba ya magana yana gani, yana kuma ajiyewa. Ina roƙonku, kada ku ari lalurar wani don kwaɗayi, domin idan kun gama wasanku, mai ita ne zai kwana da ita.