Filaskon Gwaggo

Jiya a hanyar Kebbe na hangi filasko ya yi fure ruwan ɗorawa, sai na tuna Gwaggo, yayar babana.

Lokacin da ɗana ya kwana huɗu bai yi bayan gida ba, ita ta tsinko ganyen da safe, ta dafa da tsamiya. Har yanzu ina jin ɗacinsa, don sai da na ɗanɗana.

Na ce, "Gwaggo, mi ya hana ki tumɓuko shi duka?"

Ta ce, "Saiwar nika bari, ɗiyata. Ko rani ya ƙone shi, baɗi nan za ki iske shi."

Kafin la'asar cikin yaron ya saki. Yadda take gane awon da ba zai murɗa cikin yaro ba, shi ne ban taɓa tambayarta ba.

Allah Ya sanyaya makwancinta, Ya sa ta huta.